Ladan Shugaban Kamfani: Aikinsa Ake Biya Ko Kujerarsa?

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka da Ingila, akwai wata gardama da aka daɗe ana yi, har yanzu kuwa ba ta mutu ba. Gardamar a kan ladan da ake biyan shugabannin manyan kamfanoni ne, watau mutanen nan da masu dukiya ke ɗorawa bisa dukiyarsu don su juya musu ita. Waɗansu na cewa abin da ake ba su ya wuce kima, har ya zama cin dukiyar mutane da sunan albashi. Waɗansu kuwa na cewa kasuwa ce ta yanka musu wannan farashi, wanda ya ga sun yi tsada ya nemi mai araha ya ga yadda za ta kaya. Maganar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ba wani jari ya yi masa fatauci, ko ya karɓi jarin wani, gama tambayar guda ce: wanda ke juya dukiyar da ba tasa ba, nawa ne hakkinsa, wa kuma ya kamata ya yanka masa?

Da farko ya kamata a san yawan kuɗin da ake magana a kai. Akwai wata cibiyar binciken tattalin arziki a birnin Washinton, ana ce da ita EPI, wadda kowace shekara takan gwada abin da shugabannin kamfanoni 350 mafiya girma a Amurka ke samu da abin da ma'aikaci ke samu. Bisa lissafinta, a shekarar 1965 shugaba yakan sami kamar ninki 20 na ladan ma'aikaci. A 1989 abin ya kai kamar ninki 60. A 2021 ya yi kusan ninki 400, kana a 2023 ya sauko zuwa wajen ninki 290. Watau ke nan ma'aikaci zai yi shekara 290 yana aiki kafin ya tara abin da shugabansa ya samu a shekara guda. A Ingila abin bai kai haka ba, amma shi ma ba kaɗan ba ne. A 2023 matsakaicin ladan shugaba a kamfanoni 100 da ke kan gaba a kasuwar hannun jari ta London ya haura fam miliyan 4, ya fi ninki 100 na ladan ma'aikaci. In an shiga sabuwar shekara, kafin a cika kwana uku ko huɗu ana aiki, shugaba ya riga ya sami abin da ma'aikaci zai samu har ƙarshen Disamba.

ASALIN AL'AMARIN

Ruwa ba ya tsami banza. Tushen maganar shi ne, babban kamfani ba shi da mai shi guda ɗaya wanda ke zaune a bakin kanti yana kallon shige da fice. Dukiyarsa an yanka ta ƙanana ƙanana, kowane yanki ana ce da shi hannun jari, masu shi kuma dubbai ne ko miliyoyi, sun watsu cikin duniya, yawancinsu ba su taɓa ganin ƙofar kamfanin ba. Da yawa daga cikinsu ma ba su san suna da hannu a ciki ba, don kuɗin fanshonsu ne aka zuba. Tun a 1776 wani masani na ƙasar Sikotland, Adam Smith, ya lura cewa masu lura da irin waɗannan kamfanoni dukiyar wasu suke juyawa, saboda haka ba za a zaci su yi mata tsaron da mutum ke yi wa tasa ba. A 1932 kuma waɗansu Amurkawa biyu, Adolf Berle da Gardiner Means, suka rubuta littafi suka nuna cewa a manyan kamfanonin ƙasarsu mallaka ta rabu da iko: masu dukiya na gefe guda, masu juya ta na gefe guda.

Don a cike wannan giɓi, masu hannun jari sukan zaɓi majalisar darektoci, mutum goma ko goma sha biyu, su zama wakilansu. Su ne ke ɗaukar shugaba, su ke yanka masa lada, su kuma ke sallamarsa in ya gaza.

Har zuwa wajen 1980, mafi yawan ladan shugaba albashi ne da ɗan ƙari a ƙarshen shekara. A 1990 sai waɗansu masana biyu, Michael Jensen da Kevin Murphy, suka fito da wani lissafi wanda ya yi tasiri ƙwarai. Suka ce in dukiyar masu hannun jari ta ƙaru ko ta ragu da dala 1,000, abin da ke shafar aljihun shugaba bai wuce dala 3 da kwata ba. Suka ce mutumin da riba ba ta ƙara shi, hasara ba ta rage shi, ba zai ta da jijiyar wuya a kan dukiyar ba, sai a ɗaura ladansa da farashin hannun jari. A 1993 kuma, zamanin Shugaba Bill Clinton, aka yi doka cewa albashin da ya wuce dala miliyan 1 ba za a cire shi daga ribar da ake yanka wa kamfani haraji a kai ba, sai fa in ladan ya dogara ne ga sakamakon aiki. Nufin dokar a rage yawan ladan ne. Amma sai kamfanoni suka bi ta ƙofar da aka bari a buɗe, suka mai da yawancin ladan ya zama alkawarin hannun jari, abin ya yi ta hauhawa. Sai a 2017 aka toshe wannan ƙofa, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Ga misalin yadda wannan alkawari yake. A ce attajiri ya ce wa yaronsa, na ba ka izni ka sayi buhun gyada 1,000 daga rumbuna a kan farashin yau, duk ran da ka ga dama cikin shekara goma, ba kuma tilas. In gyada ta yi tsada, yaro ya saya a tsohon farashi, ya sayar a sabo, ya sa bambancin a aljihu. In ta faɗi, ya kaɗe rigarsa ya ce ya fasa, bai yi hasarar ko anini ba. Haka alkawarin hannun jari yake. In kasuwa ta hau ana hawa da mai shi, in ta faɗo ba a faɗowa da shi.

HUJJAR MASU CEWA LADAN YA DACE

Masu kare wannan tsari ba su rasa hujja ba, kuma adalci ne a ji ta. Suna cewa kamfanonin ne suka girma, ladan ya bi su. A 2008 masana biyu, Xavier Gabaix da Augustin Landier, suka nuna cewa tsakanin 1980 da 2003 ladan shugabanni a Amurka ya ninka sau 6, darajar manyan kamfanonin ita ma ta ninka sau 6. Lissafin mai sauƙi ne. Kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan 100, watau miliyan dubu ɗari, in shugaba ya ƙara masa kashi 1 cikin 100 kaɗai, ya ƙara dala biliyan 1 ke nan. In an biya shi miliyan 20, an ba shi kashi 2 cikin 100 na abin da ya jawo. Wane mai jari ne zai ƙi wannan ciniki? Araha ba ta ado, in ji su.

Suna kuma kawo misalai. A 1997 kamfanin Apple yana dab da durƙushewa Steve Jobs ya komo ya karɓi ragamarsa, kafin rasuwarsa a 2011 kamfanin ya shiga sahun mafiya daraja a duniya. Satya Nadella ya hau kujerar Microsoft a 2014 darajar kamfanin tana wajen dala biliyan 300, a Janairun 2024 ta kai biliyan 3,000. A 2018 kamfanin motoci na Tesla ya yi wa Elon Musk alkawarin hannun jari wanda zai iya kai dala biliyan 56, bisa sharaɗin ba shi da albashi, kuma ba zai sami cikakken rabon ba sai darajar kamfanin ta tashi daga wajen biliyan 59 zuwa biliyan 650. Mutane da yawa suka ce ba zai yiwu ba, sai ga shi ya yiwu. Duk da haka a Janairun 2024 wata alƙaliya a jihar Delaware, Kathaleen McCormick, ta soke alkawarin, dalilinta kuwa darektocin da suka yanka ladan na kusa da shi ne ƙwarai, ba a kuma bayyana wa masu hannun jari haka sosai ba. Masu hannun jari suka sake jefa ƙuri'a a watan Yuni suka amince, a Disambar 2025 kuma babbar kotun jihar ta mayar masa da abinsa.

Lalle shugaba nagari yana da amfani, mugu kuwa yana iya rushe ginin shekara ɗari cikin shekara biyu. Wannan ba abin musu ba ne. Amma su Gabaix ɗin nan da kansu sun ƙiyasta cewa in aka ɗauki shugaban da ya fi kowa gwaninta aka sa shi a gurbin na 250, darajar kamfanin ba za ta ƙaru da ko kashi 1 cikin 5,000 ba. Ashe bambancin gwaninta ƙanƙane ne, girman kujerar ne ke kumbura shi.

INDA MA'AUNIN YA KARKACE

Masu sukar tsarin suna da ƙorafi uku manya.

Na farko, ana biyan shugaba ladan sa'a kamar aikinsa ne. A 2001 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka bincika kamfanonin man fetur, suka tarar in farashin mai ya tashi a kasuwar duniya ladan shugabanni yakan tashi, alhali ba su ne suka ta da farashin ba. Manomi ba ya ƙara wa ɗan ƙodago lada don damina ta yi kyau. Suka kuma tarar da wani abu mai muhimmanci: a kamfanonin da ke da babban mai jari wanda ke zaune cikin majalisa yana sa ido, biyan ladan sa'a ya fi ƙaranci. A 2016 kamfanin bincike na MSCI ya duba manyan kamfanonin Amurka sama da 400 na tsawon shekara 10, ya tarar dala 100 da aka zuba a rukunin da ya fi biyan shugabanni ta zama dala 265, wadda aka zuba a rukunin da ya fi ƙarancin biya kuwa ta zama dala 367.

Na biyu, wa ke riƙe da mudun? A rubuce, darektoci wakilan masu dukiya ne. A zahiri kuwa sau da yawa shugaban yana da baki wajen zaɓensu, a Amurka ma sau da yawa shi ne shugaban majalisar tasu, da yawansu kuma shugabanni ne a waɗansu kamfanonin, ko sun taɓa yi. Abin ya zama cuɗe ni in cuɗe ka. Lucian Bebchuk da Jesse Fried sun rubuta littafi guda a kan wannan a 2004. Har wa yau, in za a yanka lada akan ɗauko masu ba da shawara su jero abin da kamfanoni takwarori ke biya. Ba majalisar da ke son a ce shugabanta yana ƙasa da tsaka-tsaki, gama tamkar ta ce ta ɗauki mara gwaninta ne. To, in kowa ya biya sama da tsakiya, baɗi tsakiyar ta matsa sama, a sake bin ta. Haka abin ke hawa kamar matakala, ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Na uku, wanda ya fi ɓata wa jama'a rai, shi ne ladan faɗuwa. Michael Ovitz ya shiga kamfanin Disney a 1995, ya yi wata 14 aka sallame shi, ya tafi da wajen dala miliyan 130. Masu hannun jari suka kai ƙara, kotu ta ce darektoci ba su kyauta tsari ba amma ba su karya doka ba. Stan O'Neal ya bar bankin Merrill Lynch a Oktoban 2007 bayan bankin ya bayyana hasarar wajen dala biliyan 8, ya tafi da abin da ya haura dala miliyan 160. A Birtaniya, bankin RBS ya yi hasarar fam biliyan 24 a 2008, gwamnati ta zuba fam biliyan 45 na masu biyan haraji ta cece shi, sai aka ji shugabansa Fred Goodwin ya tafi da fansho na wajen fam 700,000 kowace shekara. Da surutu ya yi yawa ya yarda aka rage, a 2012 kuma aka tuɓe masa lambar girma ta Sir. A Disambar 2019 kamfanin Boeing ya sallami Dennis Muilenburg bayan jiragensa biyu sun faɗi, ɗaya a Indunisiya ɗaya a Habasha, mutum 346 suka halaka. Kamfanin ya ce bai ba shi kuɗin sallama ba, amma abin da yarjejeniyar aikinsa ta riga ta ba shi ya kai wajen dala miliyan 62.

MA'AUNIN DA FATAKE SUKA SANI

Malamai da 'yan kasuwa sun san hanya biyu da mutum ke aiki da dukiyar wani, littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar sun yi bayaninsu. Ta farko ijara: a ɗauki mutum aiki a kan lada sananne, ko an ci riba ko an faɗi a biya shi abin da aka yanka, ba ƙari ba ragi. Ta biyu kiradi: mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi ko abin da suka yarda. A kiradi ba a yanka wa mai aiki wani adadi tabbatacce. Ba a raba riba sai an cike giɓin da hasara ta yi wa uwar kuɗi. In an faɗi, mai dukiya ya yi hasarar kuɗinsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa, in kuwa da sakaci ko ƙetare iyaka sai ya biya.

In aka aza ladan shugaban kamfani bisa wannan ma'auni, sai a ga ya haɗa daɗin hanyoyin biyu ya bar ɗacinsu. Yana da albashi tabbatacce kamar ɗan ijara. Yana da rabo a riba kamar mai kiradi. In an faɗi ba ya rasa ladan wahalarsa, sau da yawa ma akan ƙara masa guzurin tafiya. Rabon nasa kuma akan ba shi tun kafin a tabbatar ribar ta gaskiya ce, ba wadda za ta narke bayan shekara biyu ba. Aibin yana nan, ba a yawan sifilin da ke bayan lambar kaɗai ba.

MAGUNGUNAN DA AKA GWADA

Ingila ta fara a 2002, ta ba masu hannun jari damar jefa ƙuri'ar shawara a kan ladan shugabanni, a 2013 ta mai da ƙuri'a a kan tsarin biyan ta zama tilas a bi. Amurka ta yi dokarta a 2010, amma ƙuri'arta ta shawara ce. Wani lokaci takan yi cizo: a 2016 kashi 59 cikin 100 na masu ƙuri'a a kamfanin mai na BP suka ƙi amincewa da ƙarin kashi 20 da aka yi wa Bob Dudley a shekarar da kamfanin ya yi hasarar dala biliyan 6 da rabi. Amma galibi a Amurka ƙuri'ar kan wuce da wajen kashi 90. Dalili guda shi ne mafi yawan ƙuri'un suna hannun manyan kamfanonin ajiya irin su BlackRock da Vanguard, su ma kuwa dukiyar wasu suke juyawa. Wakili ne ke gadin wakili.

Magani na biyu shi ne ƙwato ladan in ɓarna ta bayyana daga baya. A 2016 aka gano ma'aikatan bankin Wells Fargo sun buɗe wa mutane asusu miliyoyi ba da saninsu ba, don matsin da ake yi musu su cika adadi. Kafin abin ya taɓa manya, an riga an kori ƙananan ma'aikata 5,300. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya aka ƙwace wa shugaban, John Stumpf, dala miliyan 69. Tun daga ƙarshen 2023 ya zama tilas ga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Amurka su karɓe ladan da aka biya bisa lissafin da ya zamana kuskure ne.

Abin da ya faru a ƙasar Suwizalan ya fi duka koyarwa. Akwai wani mai ƙaramar masana'antar man goge haƙori, Thomas Minder, wanda ke sayar wa kamfanin jiragen sama na Swissair kaya. A 2001 Swissair ya durƙushe, masana'antarsa ta kusa bin sa, alhali sabon shugaban Swissair an riga an biya shi wajen faran miliyan 12 tun kafin ya yi aikin. Minder ya yi shekaru yana tara sa hannun jama'a har aka kai maganar ga ƙuri'ar ƙasa. Ana dab da ƙuri'ar sai aka ji kamfanin magunguna na Novartis zai ba shugabansa mai barin gado, Daniel Vasella, faran miliyan 72 don kada ya yi wa abokan gasa aiki. Vasella ya janye, amma ƙura ta riga ta tashi. A Maris 2013 kashi 68 cikin 100 suka amince a hana kuɗin maraba da kuɗin sallama, kuma kowace shekara masu hannun jari su yanke hukunci a kan ladan, hukunci mai ɗaurewa. A Nuwamban shekarar aka kawo wata shawara, cewa kada shugaba ya sami fiye da ninki 12 na mafi ƙanƙantar ma'aikaci, sai kashi 65 suka ƙi. Watau mutanen Suwizalan ba su yarda hukuma ta yanka farashi ba, amma sun nace sai mudu ya koma hannun mai hatsi.

Kada kuma a zaci rage lada shi kaɗai ya isa. A Japan, inda shugabanni ke samun ƙasa da na Amurka ƙwarai, Satoru Iwata na Nintendo ya rage albashinsa da rabi a 2011 da 2014 sa'ad da ciniki ya ja baya, kamfanin kuma ya farfaɗo daga baya. Amma Haruka Nishimatsu na kamfanin jiragen Japan shi ma ya rage nasa har ya kasa na matuƙansa, yana shiga bas zuwa ofis, duk da haka kamfanin ya karye a Janairun 2010. Tawali'un shugaba yana ɗaure zukatan ma'aikata, amma ba ya biyan bashi.

To, shin ana biyan su fiye da abin da suka cancanta? Kaɗan daga cikinsu sun jawo wa masu dukiya abin da ya ninka ladansu sau ɗari, waɗannan ba a yi musu ƙyashi. Amma tsarin, yadda yake tafiya a Amurka da Ingila, yana biyan gwani da mai sa'a da wanda ya yi ɓarna kusan da mudu guda, wannan kuwa ba za a kira shi cancanta ba. Mai son ya gane ladan da ya dace daga wanda bai dace ba, abu uku zai tambaya: wa ya yanka shi, masu dukiya ko abokan mai karɓa, an jira an ga ƙarshen cinikin kafin a raba, kuma in an faɗi, me mai karɓa zai rasa. In amsar ta uku ita ce ba kome, to ladan ya yi yawa ko da kaɗan ne. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.